Kullum Ana Cinye Ni a Scrabble

Tambaya: Malam, na iya Turanci, amma kullum ana cinye ni a Scrabble. Ina gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ajiye kalma, dubi haruffan da za su rage maka. Kada ka ɓatar da S ko fankon harafi a kan 'yan maki. Fanko 2 ne kacal cikin 100, kuma su ke taimaka maka ka zube haruffa 7 a tashi ɗaya, ka samu ƙarin maki 50. Q kuwa, rabu da ita da wuri, ko da QI ne.

Doguwar kalma takan buɗe wa abokin karawarka jan gida mai ninka maki sau 3. 'Yan wasan Najeriya irin su Wellington Jighere, zakaran duniya a Perth a 2015, sun shahara da gajerun kalmomi masu toshe hanya. Fara da haddace masu haruffa 2.