Guzurin Mai Shiga Daji

Mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba baƙin doguwar tafiya ba ne. A ƙarni na 19 ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a Jega, su yi sayayya, kana su ƙetare Kwara su ratsa Borgu har Salaga. Tafiyar takan ci watanni, amma ba madugun da ke ɗora abincin watanni a bayan jaki. Abin da yake riƙewa a ka shi ne zango: daga nan zuwa kasuwa ta gaba kwana nawa ne, kuma ina ruwa yake.

Lissafin nan bai tsufa ba. Makiyayi mai bin shanu kudu da rani, da maharbi, da duk wanda zai kwana da yawa a daji, shi ya kamata su fara yi tun ba su ɗaure kaya ba. Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako. In ka iso washegarin cinta, sai dai ka tarar da rumfuna da awaki. Saboda haka ka san ranar kowace kasuwa da ke kan hanyarka, ka auna abin da kake ci a yini ɗaya, ka ninka da kwanakin da ke tsakani, ka ɗora na kwana biyu a kai saboda ɓatan hanya ko ciwo.

Me za a ɗauka? Abin da ya bushe. Garin gero da aka daka da kayan yaji ana dama shi ko da ruwan sanyi. Ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi suna riƙe ciki ba tare da an hura wuta ba. Na miya kuwa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gishiri, barkono. Mutumin Aliero ba sai an koya masa zancen albasa ba, amma a tuna ɗanyarta tana da nauyi, tana kuma ruɓewa in ta sha matsi. Gabu ya fi: ganyen albasa da aka kirɓa aka dunƙula aka shanya, ɗan ɓari kaɗan ya ishi tukunya. Dunƙulen fura kuwa na ranar farko ne, zafi yana tsamar da shi. Kowane gari a ƙulle shi dabam cikin leda, don in raɓa ta taɓa ɗaya kada duka su tafi.

Ruwa shi ne babbar magana, musamman a Maris da Afrilu da zafi kan wuce digiri 40. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga jarka mai lita 25 kayan jaki ce, ba na wuyan mutum ba. Ruwan tafki da dabbobi suka shiga a tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa. In gudawa ta kama wani, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ya dinga kurɓa.

Dajin yau kuma ba na jiya ba ne wajen tsaro. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tambayi mai gari halin hanya, ka faɗa wa na gida inda ka dosa da ranar da za su sa ido. In guzurinka ya kai rabi ba ka ga kasuwa ba, ka juyo.