Tirelar Ɗaukar Ƙaramar Tarakta

Wani mai sauraronmu daga Adjamé ya ce ya sayi ƙaramar tarakta, zai kai ta gona wajen Bouaké, wace irin tirela zai nema?

To Malam, fara sanin nauyin taraktar tare da garmarta. Ƙananan tarakta kan kai tan 1 zuwa 2, sai ka nemi tirelar da ƙarfinta ya zarce haka sosai. Mai taya huɗu ta fi mai biyu, domin in taya ɗaya ta fashe a babbar hanyar Yamoussoukro, sauran za su riƙe ta. Birki kuwa dole ne. Tirela marar birki mai ɗauke da tan 2 tura motarka za ta yi a gangara, kuma rai ake magana.

Ko ta hannu ka samu wajen tashar jirgin ruwa a Treichville, ko masu walda suka ƙera maka, leƙa ƙarƙashinta, don iskar teku tana cin ƙarfe. Ka ɗaure taraktar da sarƙa ta kusurwa huɗu, injin yana gaba, sannan ka kai tirelar wurin binciken motoci na SICTA a duba lafiyarta.