Bayan Sulhu, Ina Makomar Manomin Birnin Gwari?

Wani mai sauraronmu daga Randagi ya aiko da tambaya: tun da an yi sulhu da 'yan bindiga, me gwamnati ta tanadar wa manomi da matashin da rikici ya raba da makaranta?

To Malam, a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Motoci sun koma bin hanyar Kaduna, manoma da dama kuma sun koma gonakin da a da sai an biya 'yan daji haraji kafin a girbe masara. Ba ƙaramin abu ba ne.

Amma sulhu ba ya cika rumbu. Wanda aka kwashe masa shanun huɗa, da me zai yi huɗa? Taki da iri su iso kafin ruwan shuka, jami'an tsaro kuma su zauna a bakin dajin Kamuku da Kuyambana har kaka.

Batun karatu ya fi damunmu. Yaron da aka rufe makarantarsu yana aji uku yau magidanci ne, ba zai zauna benci ɗaya da ƙannensa ba. Ajin yaƙi da jahilci na yamma ya dace da shi, haɗe da koyon walda, ɗinki ko gyaran babur. Matasan rugage ma haka.

Ku haɗu a ƙungiya, Malam, ku kai buƙatunku a rubuce ga dagaci da sashen ilimi na ƙaramar hukuma.