Darasi: Komawa Ga Abincin Gida, Daga Ina Za A Fara?

'Yan uwa, tambaya ce ta yawaita a akwatin saƙo: Malam, likita ya ce jinina ya hau, ko sukarina ya fara tashi, an ce in canza abinci, to me zan ci? Wasu har sun ɗauka sai mai kuɗi ke iya cin abinci mai gina jiki, sai an sayo tuffa da kayan gwangwani daga Gusau. Sam, ba haka ba ne.

Mu fara da asali. A Suratul Baƙara aya ta 168 Allah ya haɗa sharaɗi biyu ga abin da za mu ci, ya zama halal kuma mai kyau. Mu kan tsaya ga na farko mu manta na biyu. Lemon kwalba halal ne, babu mai haramta shi, amma wanda ke shan uku a rana alhali ciwon sukari ya kama mahaifinsa, ya tambayi kansa ko wannan mai kyau ne gare shi.

Akwai wani hadisi a Sahihul Bukhari, a Kitabul Aɗ'ima, da nake so ku riƙe. An tambayi Sahabi Sahlu bin Sa'ad (RA) game da garin da aka tankaɗe ya yi fari tas. Ya bayyana cewa Manzon Allah (SAW) bai ga irinsa ba tun da aka aiko shi har ya koma ga Ubangijinsa, kuma ba su da rariya a lokacin. Sha'ir suke niƙawa, su hure ƙaiƙayin da zai tashi, sauran su kwaɓa su ci. A kula, wannan ba dalili ba ne na haramta fulawa, kada wani ya ɗauko fatawar da ban bayar ba. Abin lura shi ne hatsinsu da dusarsa suke cinsa, kuma abin da likitocin yau ke kira gare shi ke nan. Ɓawon ƙwayar hatsi shi ke ɗauke da harza da sinadaran bitamin B da ƙarfe. Idan aka surfe shi ƙal, sitaci ne ya rage, shi kuwa da sauri yake zama sukari a cikin jini. Mu kuma mu kwashe dusar mu ba awaki. Akuya ta yi ƙiba, mai ita na fama da kumburin ciki!

To mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba mu da uzurin da mutumin Legas ke da shi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 ake noman rani a wannan yanki: shinkafa, tumatir, albasa, dankali, ganyaye. Ranar Talata ka shiga kasuwa ka ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Zogale na bayan ɗaki, kuka da rama da yakuwa ba a neman su da nisa. Na sani sarai tsadar abinci ta kai inda ta kai, kuma akwai 'yan uwanmu da rashin tsaro ya hana zuwa gonakinsu, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Shi ya sa ma ba na ce ku ƙara kashe kuɗi ba. Lissafa abin da ke tafiya ga lemo da biskit da taliyar yara a mako, ka ga mudun wake nawa ne.

Shawarata ga mai farawa, kada ka juye tukunyar gidanka rana ɗaya. Wanda ya yi haka, mako biyu ya koma gidan jiya, uwargida kuma ta gaji da shi. Fara da abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, gaba ɗaya har da na shayi da na koko. Ka ga kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Hura da nono abinci ne na ƙwarai, mu ne muke ɓata ta da sukari. Rage rabi wannan makon, harshe zai saba. Haka wajen mai shayi, ka ce masa cokali ɗaya, kada ka ji kunya.

Sai miya. Hukumar ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi kuwa kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. A jefa biyar a tukunya, a ƙara gishiri, a ƙara farin magi, sannan a yi mamakin hawan jini. Iyayenmu mata da daddawa da albasa da citta suka riƙa miya, kuma ba a bar tuwonsu a kwano ba. 'Yan uwa mata, a rage dunƙule ɗaya-ɗaya, a ƙara daddawa. Mazaje kuma, idan ɗanɗano ya ɗan sauya kada a tayar da husuma, lafiyarka ake nema.

Hatsi kuwa, a sassauta surfe, a bar wani abu na dusar. Shinkafar gida da aka guma ta fi farar da inji ya goge, domin turarawar na tura wani ɓangare na bitamin cikin ƙwayar. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, zai rage kumburin da ke korar mutane daga gare shi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin ganyen.

Abu biyu na tsoratar da ku. Gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna a zubar, kada a ce asara, gubar da ke cikinta hanta take lalatawa kuma dahuwa ba ta kashe ta. Na biyu, ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. Kada a kai hatsi injin da ake niƙa dutsen zinare, kada a daka abinci a turmin da ya taɓa shi.

Ko abincin ya kai kyau, cika ciki cuta ne. Hadisin Miƙdamu bin Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku, abinci da abin sha da numfashi. Malmalar tuwo uku da dare sannan a kwanta, ko da na gero ne, ba ta cikin wannan rabon. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuma kada ya ajiye shi don ya fara cin zogale. Ya koma asibiti a auna shi, likita ne zai ce a rage ko a bari.

Wallahu a'alam.