Allurar PRP da gashin da garkuwar jiki ke cinyewa

Mai kitso ce ta fara gani. Tana tsaga kan wata matashiya sai ta dakata: "Hajiya, me ya ci miki gashi a nan?" Fili ne kamar kwabo, sumul, ba ƙaiƙayi, ba ɓawo. Wata biyu ana shafa maganin makero, shiru, kafin a kawo ta wurin likitan fata mai wannan rubutu.

Ba makero ba ne. Cutar da likitoci ke kira alofeshiya ariyata ce, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa saiwar gashi. Kusan mutum 2 cikin 100 kan gamu da ita a rayuwarsu. Saiwar dai ba ta mutu ba, shi ya sa wani lokacin gashin kan dawo da kansa.

Da jin haka sai matashiyar ta ce, "Likita, an ce ana allurar jinin mutum."

Ana yi. Sunanta PRP. Za a ɗebi jini kaɗan a hannu, a sa kwalbar a injin da ke juya ta da ƙarfi kamar minti 10. Jan jini ya kwanta ƙasa, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso, cike da ƙwayoyin nan da ke tsayar da jini idan an yanke. Su ke ɗauke da sinadaran da ke farfaɗo da tsoka. Sai a bi filin da ƙananan allurai, galibi sau uku, wata ɗaya tsakani. Akwai zafi, kar a ɓoye.

A 2013 mujallar British Journal of Dermatology ta buga gwaji kan mutum 45, kuma waɗanda aka yi wa PRP sun samu tsirar gashi sosai. Amma mutum 45 ba su da yawa, ga shi kowane asibiti da yadda yake haɗa tasa. PRP ba ta kashe rikicin garkuwar jiki, gashin na iya sake zubewa.

Don haka likitan ya fara mata da allurar tirayamsinolon, wadda ita aka saba farawa da ita, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Ga masu zubewar gashi mai tsanani kuwa, tun 2022 Amurka ta amince da ƙwayar baricitinib.

Duk wanda ya ga irin wannan fili a kansa, ya bari likitan fata ya duba kafin ya biya kuɗin PRP.