Yadda Ɗalibi Mai Ƙoƙari Zai Shirya wa Tallafin Karatu a Waje Tun Yana Aji Biyu

Da zarar watan Agusta ya kama, wayata ba ta hutawa. Ƙanne da 'ya'yan abokai kowa da saƙonsa: "Yaya, an buɗe tallafin Chevening, don Allah a duba mini." Bara wani yaro ya zo har gida bayan la'asar da kwamfutarsa a jaka. Ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, makinsa ya haura 4.70, irin yaron da ake nunawa da yatsa a sashensu. Muka zauna a kan tabarma ya buɗe mini abin da ya rubuta a gurbin da aka ce ya bayyana jagorancin da ya taɓa yi. Layi huɗu ne, kuma duk abin da suke cewa shi ne shi mutum ne mai gaskiya da riƙon amana. Na ce masa, "To, a shekara huɗun nan me ka yi ban da karatu?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Yaya, daga ɗaki sai aji sai laburare."

Ban ga laifinsa ba, don haka aka ce masa ya yi tun daga gida: ka kama karatunka, ban da ƙungiya, ban da siyasar makaranta. Sai dai masu ba da tallafin nan suna karɓar takardun dubban masu maki irin nasa daga Legas, Akara, Nairobi da Lahore. Maki yana sa a buɗe fayil ɗinka ne kawai. Abin da ke cikin fayil ɗin kuwa, tun kana aji biyu ake fara tara shi. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko, ka tsare makinka. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba kuma daga 3.50. Ƙasa da 3.50 ƙofofi da yawa a rufe suke tun kafin ka ƙwanƙwasa. Maki kuma a aji ɗaya da aji biyu ake gina shi, domin kwasa-kwasan da suka taru a baya su ke danne na gaba. Wanda ya yi wasa a farko, ko ya cinye komai a ajin ƙarshe da ƙyar ya ɗaga. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, idan zai jawo maka faɗuwa a kwas ko ɗaya, ajiye shi.

Mataki na biyu shi ne inda ake yawan kuskure, don haka zan daɗe a kansa. Ka zaɓi aiki ɗaya a wajen aji, ka riƙe shi shekara biyu ko uku. Ɗaya na ce. Na sha ganin takardar ɗalibi da jerin muƙamai takwas: mataimakin sakataren wannan, jami'in walwalar wancan, ɗan majalisar ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma. Idan ka tambaye shi me ya canza a hannunsa, sai ya fara sosa ƙeya. Muƙami suna ne. Mai tantancewa yana neman wata matsala da ka tarar, abin da ka yi a kai, da yadda ka bar ta.

Wuraren yin hakan suna gabanka. Akwai ƙungiyar sashenku. Akwai MSSN ta ɗalibai Musulmi, wadda ta girmi yawancin jami'o'in ƙasar nan tunda a 1954 aka kafa ta, da FCS ta ɗalibai Kirista, kuma dukansu sukan shirya wa 'yan aji ɗaya darasin bita. Idan kai ne ka ɗauki bitar lissafi ko kimiyyar sinadarai duk Asabar, ka fara da mutum goma sha biyu har suka kai tamanin, ka samo wasu huɗu ka koya musu yadda za su ci gaba bayanka, to wallahi ka fi shugaban ƙungiyar ɗalibai da bai bar komai ba sai kalanda mai hotonsa. Akwai Enactus, wadda a da ake kira SIFE kafin a sauya mata suna a 2012, inda ɗalibai ke ƙirƙiro sana'ar da za ta magance wata damuwar al'umma su shiga gasa ta ƙasa. Tana da rassa a makarantun Arewa, har da ABU Zariya. Akwai gasar Hult Prize da ake fara zagayen farko a cikin makaranta, babbar kyautarta dala miliyan 1. Akwai kuma Millennium Fellowship, shirin da ke da haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya, na masu digirin farko zalla: zangon karatu ɗaya ne, daga Agusta zuwa Nuwamba, ba ka barin makarantarku, ba ka biyan ko sisi, kana gudanar da wani aiki naka a ƙarƙashin muradun ci gaba mai ɗorewa.

Kuma ba dole sai a harabar makaranta ba. Islamiyyar unguwarku da ba ta da rajistar ɗalibai, 'yan matan layinku da suka gama sakandare ba su san yadda ake cike JAMB ba, magudanar ruwan da ke cika gidaje duk damina, duk filin aiki ne. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wasu ɗalibai a majalisar mai shayi suka ƙarar da watannin, wasu kuwa a watannin suka samo labarin da ya kai su Ingila.

Ga wata dabara mai arha: ka sayi littafin rubutu mai fallaye arba'in, ka keɓe shi. Duk abin da ka yi ka rubuta a ranar, da kwanan wata, da yawan mutanen da suka zo, da kuɗin da aka tara da yadda aka kashe, da wanda ya ƙi ba da haɗin kai da yadda ka shawo kansa. Ka ɗauki hoto, ka ajiye takardun shaida a imel ɗinka. Bayan shekara uku ba za ka tuna ko mutum talatin ne ko sittin ba, kuma ƙiyasi a irin wannan takarda ɗan'uwan ƙarya ne.

Mataki na uku, ka sa malamai biyu su san ka da suna. Kusan kowane tallafi yana neman wasiƙar shaida biyu ko uku, kuma wasiƙar da ke cewa "na san shi ɗalibi ne mai ladabi" ba ta da maraba da farar takarda. Ka riƙa zuwa ofis da tambaya ta gaske a kan darasi. Ka ce wa malamin da ke bincike, "Malam, ko akwai abin da zan taimaka da shi, ko da shigar da bayanai ne?" Malamin da zai duba furojet ɗinka na ajin ƙarshe shi ne shaidarka ta farko, don haka kada ka miƙa masa aikin da aka kwafo. Ranar da za ka nemi wasiƙa, ka ba shi aƙalla wata guda, ka haɗa masa da tarihin karatunka da ayyukanka a shafi ɗaya da ranar rufewa, sannan ka tuna masa cikin ladabi. Malamanmu aiki ya yi musu yawa, mantuwa ce ba ƙeta ba.

Mataki na huɗu, takardu. Nan ne ɗan Arewa ke da tarko nasa na musamman, wato suna. A WAEC kai Mohammed ne, a NIN Muhammad, a jami'a Muhammed, sunan garinku kuma ya shiga a wata takardar ya fita a wata. A gida ba wanda ya damu, amma jami'ar Jamus ko ofishin biza mutum uku suke gani. Ka daidaita tun yanzu, ka yi rantsuwar kotu inda ake buƙata, ka tabbata ranar haihuwa ɗaya ce ko'ina. Ka yi fasfo kafin ajin ƙarshe. Takardar sakamako ta daki-daki, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ka nema da zarar sakamakon ƙarshe ya fito. Ni kaina sai da na yi wata huɗu ina safa da marwa a kan tawa, har wata dama ta wuce ni ina kallo. Batun Turanci kuma, jarrabawar IELTS tana da tsada kuma shekara biyu kacal sakamakonta ke aiki, saboda haka kada ka yi gaggawar rubuta ta. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar Turancin WAEC idan ka samu C6 ko sama. Ka fara duba shafin jami'ar da kake so.

Mataki na biyar, ka san ƙofofin da lokacin buɗe kowace, domin ba duka ne na sabon mai digiri ba. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda ta fara a 1983, digiri na biyu ne na shekara ɗaya, amma tana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, kuma sai ka yi alƙawarin komawa gida na shekara biyu. A kan buɗe a Agusta a rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Ke nan shekarar bautar ƙasa ba ta zaman jiran alawus ba ce, awanni kake tarawa. Shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma shekara biyu na aiki yake nema.

Wanda bai daɗe da gamawa ba ya fi dacewa da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda za ka yi karatu a ƙasashe aƙalla biyu ana ba ka yuro 1,400 a wata. Yawancin kwasa-kwasansa tsakanin Oktoba da Janairu ake nema. Tallafin gwamnatin Turkiyya a kan buɗe shi daga Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digiri na biyu ya kasance ƙasa da shekara 30, kuma akwai shekara guda ta koyon Turkanci. Commonwealth iri biyu ce: wadda ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya a Abuja, da ta haɗin gwiwa da ake nema ta hannun jami'o'in Birtaniya. Rhodes ta Oxford ta buɗe gurbin Afirka ta Yamma a 2017, sai dai tana da tsauri a kan shekarun haihuwa, wanda yajin aiki ya cinye wa shekaru ya lissafa da kyau. Masu fannin man fetur da injiniyanci suna da tallafin PTDF. Masu lissafi da fiziya kada su raina AIMS, cibiyar da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 mai rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, komai kyauta. Gidauniyar Mastercard kuma tana ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'o'i irin su Edinburgh, McGill da Makerere. Na jihohi ma akwai, kamar yadda Kano ta ware gurbi 1,001 a 2023 ga masu daraja ta ɗaya zuwa Indiya da Uganda, amma wannan ya danganta da gwamnan da ke kan kujera, ba abin da za ka jingina rayuwarka a kai ba ne.

Ka zaɓi uku ko huɗu da suka dace da kai, ka rubuta ranakun rufewarsu a bangon ɗakinka. Sharuɗɗa sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka shafin hukumar da kanta za ka karanta, ba saƙon da aka turo a WhatsApp ba. Yawancin waɗannan da na ambata cike su kyauta ne. Wanda ya ce ka turo kuɗi zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne ko da a masallaci kuka haɗu.

Mataki na shida, rubutun kansa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa Bahaushe zai rubuta "mun yi", "aka samu nasara", "Allah ya taimaka", har mai karatu ya gama bai san wane ne ya yi me ba. Faɗin abin da ya faru ba alfahari ba ne, shaida ce kake bayarwa. Ka rubuta "na tarar da kaza, na yi kaza, sakamakon ya zama kaza", da lambobin da ke cikin littafin nan naka. Labari ɗaya ko biyu da aka ba su haƙƙinsu sun fi goma da aka lissafo. Ka faɗi inda ka yi kuskure da abin da ka gyara. A kan abin da za ka yi idan ka dawo, kada ka ce za ka ciyar da Najeriya gaba; ka ambaci fannin, jihar, da aikin shekara biyun farko. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya wanda ya san fannin, ɗaya wanda ba ya jin nauyinka. Kada ka bari manhajar kwamfuta ta rubuta maka, domin ranar ganawa da baki za a tambaye ka abin da ke ciki. Idan ba a ɗauke ka ba a karon farko, ka gyara ka sake turawa; da yawan waɗanda na sani sun tafi a karo na biyu ne ko na uku.

Ke kuma ƙanwata, akwai matakin da ya fi shafarki. Kada ki bari sai takardar ɗauka ta iso sannan Baba ya fara jin zancen. Tun kina aji uku ki fara sako maganar a hankali ta hannun Umma ko kawun da ake jin maganarsa, ki nuna musu inda za ki zauna, wa ke biya, wata nawa ne, ki haɗa su da wata da ta je ta dawo. Na ga gurbin da aka samu da gumi ya salwanta a zaure cikin dare ɗaya, don kawai an ji labarin bagatatan.

Yaron nan na bara yana bautar ƙasa yanzu a wata sakandaren ƙauye, ya tara 'yan ajin ƙarshe yana yi musu bitar lissafi da yamma, littafinsa ya kusa rabi. Kai da kake aji biyu kana da shekara biyu da shi bai samu ba. Yau da daddare ka fito da takardar WAEC da katin NIN da katin makaranta, ka jera su a kan katifa, ka duba ko sunan mutum ɗaya ne a jiki.