Minshari Mai Tsayar da Numfashi

Duk mun san minshari. Yawancinsa ba ya damun kowa sai wanda ke kwance kusa. Amma akwai wani iri da ya kamata mu lura da shi. Mutum yana cikin minshari, sai a ji tsit. Numfashi ya tsaya har daƙiƙa 10 ko fiye. Can sai ya ja iska da ƙarfi, ya zabura, ya koma barci. Shi bai sani ba. Matarsa ce ta sani.

Ga abin da ke faruwa. In barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. Wani yakan yi haka sau 30 cikin awa guda. Ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Cutar tana jawo hawan jini. In kuwa direba ne, to, har ran fasinja tana taɓawa.

A 1980 wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya ƙago na'ura mai hura iska ta hanci. Ana kiranta CPAP. Tana aiki ƙwarai. Amma tana da tsada, tana son lantarki dare duka, wasu kuma ba sa iya barci da ita a fuska.

To, wanda bai same ta ba fa? Likita zai duba dalilin nasa, domin kowa da nasa. Mai ƙiba, in ya rage jiki, yakan sami sauƙi. Wani kuwa sai ya kwanta rigingine numfashin ke tsayawa. Wannan maganinsa yana gida. A ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa, a sa ƙwallon goruba. Duk sa'ad da ya juya rigingine sai ta tokare shi, ya koma gefe. Wani kuma likitan haƙori ke yi masa abin sawa a baki, mai turo haɓa gaba kaɗan. Giya da ƙwayar barci suna ƙara cutar, a bar su.

Yara ma suna yi. Sau da yawa naman gefen maƙogwaro ne ya yi girma, kuma ana cire shi a asibiti. Kada mu kai yaro wurin wanzami a yanke masa belu saboda minshari. Ba belun ne ya toshe hanyar ba, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta a jikin aska.